Tarihin Rubutun da Ake Yi Don Samun Sauƙin Zuciya



A cikinmu ana yawan cewa rubutu magani ne, wasu ma shi ne dalilin da ya sa suka fara riƙe biro. To masana halayyar ɗan Adam a Amurka sun shafe kimanin shekara arba'in suna gwada wannan magana: su tara mutane, su ba su takarda, bayan watanni su auna abin da rubutun ya yi musu. Tarihin wannan aiki nake son mu bi yau, domin abin da suka gano ya ɗan saɓa wa abin da yawancinmu muke zato.

Bayan yaƙin duniya na biyu sojojin Amurka sun koma gida da raunin da ba a gani a jiki. Gwamnati ta zuba kuɗi wajen horar da masu duba su, a 1949 kuma aka kafa cibiyar ƙasa ta lafiyar ƙwaƙwalwa mai raba kuɗin bincike. Inda kuɗi suke nan masu bincike ke nufa, sai ilimin ya karkata ga cuta: me ke kawo firgici, me ke kawo ciwon damuwa, yaya za a rage su. Tambayar me ke sa mai lafiya ya ji daɗin rayuwarsa ta zama 'yar bora. Abraham Maslow ya koka da haka tun 1954, a 1977 kuma wani malamin ƙaramar kwaleji a jihar Florida, Michael Fordyce, ya gwada koya wa ɗalibansa ɗabi'un mutanen da ke zaune cikin farin ciki. Ba a kula su sosai ba a lokacin.

Biro ya shigo ne ta hannun James Pennebaker, wanda a lokacin yake koyarwa a wata jami'a a birnin Dallas. Ya lura cewa mutanen da wani mummunan abu ya same su suka ɓoye, ba su gaya wa kowa ba, sun fi yawan rashin lafiya a kan waɗanda suka samu wanda suka faɗa wa. Sai shi da ɗalibarsa Sandra Beall suka ɗauki ɗalibai 46 suka kasa su gida huɗu. Kowa zai yi rubutu na minti 15, kwana huɗu a jere. Kashi na farko an ce su rubuta abubuwan da ba su da nauyi, kamar kwatanta ɗakinsu ko takalmin da ke ƙafarsu. Na biyu su rubuta mafi munin abin da ya taɓa samunsu, amma zallar abin da ya faru. Na uku su rubuta yadda suka ji kawai. Na huɗu su haɗa biyun, abin da ya faru da yadda ya taɓa su.

Abin da yaran suka rubuta ya girgiza shi: mutuwar 'yan uwa, rabuwar iyaye, cin zarafi. Wasu da hawaye suke fitowa. Da aka auna su bayan sun ajiye biro, jininsu ya ɗan hau, ransu ya fi ɓaci a kan na masu kwatanta takalmi. Amma da aka duba rajistar asibitin makaranta bayan wata shida, 'yan kashi na huɗu su ne suka fi ƙarancin zuwa ganin likita. An buga sakamakon a 1986.

Akwai gwajin da ya fi burge ni, wanda aka buga a 1994. Wasu ƙwararrun ma'aikata ne, yawancinsu injiniyoyi, da wani kamfani ya sallama bayan shekaru suna masa aiki. An sa wasu su rubuta abin da ke ransu game da korar. Bayan wata takwas fiye da rabin masu wannan rubutu sun sami sabon aiki, a sauran kuwa ko kashi ɗaya cikin huɗu ba a kai ba, alhali yawan neman aikin da suka yi bai bambanta ba. Fassarar Pennebaker ita ce sun sauke fushinsu a takarda, don haka ba su shiga intabiyu da shi ba. Fassara ce dai, kuma mutanen ba su da yawa, amma duk wanda ya taɓa zama da korarren ma'aikaci ya san yadda ɗacin ke fita a kowace magana.

Nan ne wurin da ya fi shafarmu. A farkon shekarun 1990 Pennebaker da Martha Francis suka ƙirƙiri manhajar kwamfuta mai ƙirga ire-iren kalmomin da ke cikin rubutu, suka zuba mata takardun mutanen. Waɗanda suka fi amfana ba su ne suka fi zuba kalmomin baƙin ciki ba. Su ne waɗanda daga ranar farko zuwa ta ƙarshe kalmomin dalili da fahimta suka riƙa ƙaruwa a rubutunsu, irin su "saboda", "dalili", "na gane". Daga baya aka gano wani abu kuma: masu sauya wakilin suna, yau "ni, ni", gobe "shi, ita, su", sun fi waɗanda suka kafe a kan "ni" samun sauƙi. Wanda ya maimaita kuka iri ɗaya kwana huɗu bai samu wani abin kirki ba. A harshenmu na marubuta, wannan ai shi ne ƙulla zaren labari da sauya mahangar mai ba da labari. Mutum ya ɗauki abin da ke masa yawo a kai ba kai ba gindi, ya ba shi farko da dalili, ya shiga zuciyar ɗaya tauraron ya ga yadda abin yake daga can.

Duk wannan rubutun ciwo ne. Juyawa zuwa rubutun alheri ta zo da Martin Seligman na Jami'ar Pennsylvania, kuma abin mamaki, shi kansa da cuta ya yi suna. A 1967 shi da Steven Maier suka nuna cewa karnukan da aka azabtar da wutar lantarki ba hanyar tsira, daga baya ko an buɗe musu hanya kwanciya suke yi su haƙura. Da ya zama shugaban ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka a 1998, sai ya ce lokaci ya yi da za a binciki ƙarfin mutum kamar yadda aka binciki rauninsa. Yakan ba da labarin cewa 'yarsa mai shekara biyar ce ta farkar da shi a lambu, da ta ce masa tunda ita ta iya daina shagwaɓa, shi ma zai iya daina ɗaure fuska. A Janairun 2000 shi da Mihaly Csikszentmihalyi suka fitar da fitowa ta musamman ta mujallar ƙungiyar, sabon fanni ya tsaya da ƙafarsa, wanda za mu iya kira ilimin walwalar rai.

Abin lura, galibin darussan da fannin ya shahara da su na rubutu ne. A 2001 Laura King ta sa ɗalibai su rubuta rayuwarsu ta gaba idan komai ya tafi yadda suke fata, minti 20 kwana huɗu. A 2003 Robert Emmons da Michael McCullough suka sa wasu lissafa abubuwa biyar na godiya kowane mako har mako goma, wasu kuma abubuwa biyar na takaici. Sai babban gwajin 2005, wanda Seligman da abokan aikinsa suka yi ta intanet, inda mutum 411 suka kai ƙarshe. Wasu an ce kowane dare su rubuta abubuwa uku masu kyau da suka faru a yinin, tare da dalilin faruwarsu, tsawon mako guda. Wasu su rubuta wa wanda ya taɓa yi musu alheri wasiƙar godiya su kai masa da kansu. Masu wasiƙa sun fi kowa tashin farin ciki nan take, amma bayan wata uku sun koma inda suke. Masu abubuwa uku a hankali suka tashi, kuma har wata shida ana ganin alamar, musamman a waɗanda suka ci gaba da yi don kansu. Ku lura, a nan ma sai da aka ce a rubuta dalili.

Daga nan kasuwa ta buɗe: littattafai, kwasa-kwasai, har rundunar sojan Amurka ta ɗauki shirin a kan miliyoyin daloli. Kuma daga nan zuzutawa ta fara fin hujja. A 2005 an buga wata takarda da ta ce akwai lissafi tsayayye, sai kyawawan ji sun ninka munana sau 2.9 mutum zai bunƙasa. Shekara takwas ana ambaton wannan lamba. Wanda ya warware ta wani Bature ne mai suna Nick Brown, ma'aikacin kwamfuta da ya koma karatun digiri na biyu a Landan bayan ya haura hamsin. Ya ga lissafin bai kama hankali ba, ya nemi Alan Sokal da Harris Friedman, a 2013 suka nuna ba shi da tushe, aka janye ɓangaren lissafin. Ɗalibi ne fa, ba farfesa ba.

A 2012 wasu masu bincike a Kanada suka maimaita gwajin 2005, suka ga waɗanda aka ce kawai su rubuta kyawawan abubuwan da suke tunawa na ƙuruciya sun amfana kusan daidai da masu abubuwa uku. Da aka tattara gwaje-gwaje 39 a 2013, an ga amfanin yana nan amma ƙarami ne. Haka na Pennebaker: tattara bincike 146 da aka yi a 2006 ya nuna amfani na gaskiya, amma kaɗan. Ga shi kuma yawancin waɗanda aka gwada ɗaliban jami'a ne a ƙasashen Yamma, don haka ba za mu ɗauko sakamakon cak mu ɗora wa bazawarar da ke Gusau ba.

A ganina wannan ya isa ya sa mu riƙa tauna kalmar "magani" kafin mu faɗe ta. Mai ciwon damuwa na sosai, wanda barci da abinci suka ƙaurace masa, likita yake buƙata, kada mu ba shi littafin rubutu mu ce mun gama. Kuma wannan rubutu daban yake da wanda muke ɗorawa a Facebook ko Wattpad. Mutanen Pennebaker ba su damu da ƙa'idar rubutu ba, ba su jiran kwament, ba su ƙawata jimla don a yaba. Mai ɗora ciwonsa shafi-shafi ga masu karatu yana da wani aikin a gabansa, na riƙe su, kuma sau da yawa abin da ke riƙe su shi ne ciwon ya ƙi ƙarewa.

Pennebaker kansa ya gindaya sharuɗɗa a littafinsa na 2004. Kada a taɓa abin da bai daɗe da faruwa ba idan mutum bai shirya ba. 'Yan kwanaki ake yi a tsaya. Idan ka ji abin zai fi ƙarfinka, ka ajiye biro ko ka sauya batu. Takardar kuwa, in ka gama, kana iya ajiyewa, kana iya yagawa.