In Maigida Ya Ce Ka Watsa Imel Ga Mutanen Da Ba Su Nema Ba

Jama'a, ga wata matsala da matasanmu masu aiki a biro, ko a Yamai ko a ƙasashen waje, ke cin karo da ita. Maigida ya miƙo maka jerin adireshin imel dubu nawa, ya ce ka tura masu talla yau-yau. Saƙon da ake watsawa haka barkatai, ba wanda ya nema, shi ake kira spam.

Tambayar farko ita ce: daga ina adireshin suka fito? In masu su ne suka bayar da kansu, suka yarda a riƙa aiko masu labari, ba laifi. In kuwa sayen su aka yi, ko an tsinto su a intanet, to a dakata.

A nan Nijar, tun 2017 muke da doka ta kare bayanan mutane, an sabunta ta a 2022, kuma hukumar HAPDP ke sa ido. Adireshin mutum yana cikin bayanansa. Ƴan'uwanmu na Faransa da sauran Tarayyar Turai, dokarku ta 2018 ta fi zafi, tararta na iya kaiwa Yuro miliyan 20. Amurka ta ɗan sassauta: dokarta ta 2003 ba ta hana aikawa ba, amma dole a bayyana mai aikawa, a kuma ba mutum hanyar cewa ya isa.

To yaya za a yi da maigida? Ba sai an ɗaga murya ba. Mu dai a ganinmu, maganar asara ta fi shiga kunnensa. Gaya masa cewa Gmail na kyauta ba ya bari a wuce kimanin mutum 500 a yini, kuma in mutane suka yi ta kai ƙorafi, ana iya rufe akwatin. Mafi muni, adireshin kamfani ya shiga baƙin littafi, har wasiƙun gaske zuwa ga abokan ciniki su daina isa.

Sai ka kawo masa mafita: a fara da abokan cinikin da suka yarda, ko da ɗari ne, kowane saƙo da wurin dannawa a fita.

In ya nace, roƙe shi cikin ladabi ya ba da umarnin a rubuce, ka adana. Kuma kada ka aika da akwatinka na kanka, don in ta ɓaci sunanka ne a kai.