Neman Kakanni A Warra: Tsakanin Ƙidaya, Haraji Da Littafin Soja

A wannan makon za mu ɗan ajiye labarin da muke kawo muku, mu leƙa ƙasar Yawuri, domin tattauna wata tambaya da ke damun matasa da dama: in mutum yana son gano asalin kakansa, ina zai dosa?

A wasu garuruwan sai a nuna maka kangon gidanku da makwancin kakanninku. A Warra, hedikwatar ƙaramar hukumar Ngaski, da ƙauyukan bakin tafki, lamarin ya sha bamban. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya shanye tsibirai da garuruwa masu yawa, aka tashi mutane sama da 40,000 zuwa sababbin matsugunai. Bagunge ko Bakambaren da aka haifi kakansa a tsohon gari, yau sai dai ya nuna saman ruwa ya ce "a can ne". Abin da ya rage masa shi ne bakin tsofaffi da takarda.

To wace takarda? Mutum zai fara tunanin ƙidaya. A Amurka da Ingila, takardun ƙidaya na ɗauke da sunan kowane mai gida da iyalinsa, jikoki kuma na duba su a intanet. Mu a nan, ƙidayar 1931 a Arewa ta dogara ne galibi kan lissafin haraji, ta 1952 da ta 1963 kuwa alƙaluma aka buga: maza kaza, mata kaza, a gunduma kaza. An ƙirga kakanka, amma ba za ka ga sunansa ba. Duk da haka rahotannin haraji da Turawan mulki suka rubuta, waɗanda ke Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a Kaduna, kan ambaci ƙauyuka da dagatai da ƙabilu. Sai dai a lura: Yawuri ta zauna ƙarƙashin Lardin Kontagora kafin a mayar da ita Lardin Sakkwato a shekarun 1920, don haka sai an duba ɓangarorin biyu.

Inda talaka ya fi samun suna a takarda shi ne aikin soja. Dubban 'yan Arewa sun shiga rundunar Afirka ta Yamma, aka kai su Habasha a 1941, sannan Bama tare da runduna ta 81 da ta 82 tsakanin 1943 da 1945. Duk wanda aka ɗauka sai an ba shi lamba, a rubuta sunansa da garinsa da ƙabilarsa. Ranar sallama a ba shi littafi. Akasari kuɗin sallama aka ba su dunƙule, fansho kuwa sai wanda ya daɗe ko ya samu rauni.

Wannan lambar ita ce mabuɗi, domin suna kan yi yaudara. Soja kan ɗauki sunan babban gari ya zama sunan mahaifinsa, sai ka ga ɗan wani ƙaramin tsibiri ya koma "Yelwa" ko "Yauri" a rubuce, ga kuma Bature ya rubuta sunan yadda kunnensa ya ji. Da lamba a hannu, ana iya tuntuɓar ƙungiyar 'yan mazan jiya ko Hukumar Fanshon Soja a Abuja. In kuwa kakan bai dawo ba, a nemi sunansa a shafin hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen rainon Ingila. Sunayen 'yan Nijeriya da dama na rubuce a bangon tunawa na Taukkyan, kusa da Rangun. Wanda kakansa ya faɗi tun a Yaƙin Duniya na Ɗaya sai ya yi haƙuri, domin hukumar da kanta ta amsa a 2021 cewa dubban 'yan Afirka ba a rubuta sunayensu ba.

Saboda haka, ɗan'uwa, kafin ka kama hanyar Kaduna, fara da akwatin ƙarfen da ke ɗakin kakarka. Ka ɗauki hoton littafin sallama da lambobin yabo tun gara ba ta riga ka ba. Ka zauna da tsofaffi ka tambayi sunan tsohon garinku, da dagacin lokacin, da wanda suka tafi yaƙi tare. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma waɗanda suka ga tashin 1968 da wayonsu kullum raguwa suke.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu dace. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.