Saƙa da Yaƙin Hitila: Gudummawar Matan Karkarar Kano

A Ingila, saƙa wa soja kayan sanyi al'ada ce da ta yi ƙarfi tun Yaƙin Kirimiya na 1853 zuwa 1856. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, ƙungiyoyin mata suka riƙa raba ulu gida-gida, ana saƙa safa da suwaita da hular sanyi, ana aika wa mayaƙa. Abin tambaya a nan shi ne: mene ne takwaran wannan aiki a ƙasar Kano?

Harshe kansa ya ba da rabin amsa. Kalmar saƙa tsohuwa ce, amma ainihin ma'anarta aikin masaƙa ne, wato na zaren auduga da ƙoshiya. Ulu da suwaita da kwarashi kuwa duk aro ne daga Turanci, abin da ke nuna cewa irin wannan saƙa baƙuwa ce. Ta biyo matan Turawa ne da makarantun 'yan mata da aka fara buɗewa wajen 1930, saboda haka lokacin yaƙin ba ta bazu ba tukuna. Bugu da ƙari, sojojinmu ba ƙasar ƙanƙara aka kai su ba. Habasha suka nufa, daga bisani kuma Bama, cikin runduna ta 81 da ta 82.

Abin da Turawa suka nema a nan shi ne gyaɗa, musamman bayan da Japan ta ƙwace Malaya da tsibiran Indunusiya a 1942, man girki ya yi wa Ingila wuya. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero, Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, waɗanda yanzu gari ya haɗiye, karkara ce a bayan ganuwa, gonaki ko'ina. A irin waɗannan wurare maza ke noma gyaɗar, amma ɓararta, kafin injin ɓara ya yaɗu, yawanci aikin mata ne, da turmi da faifai. Haka kuma da yadin kanti ya yi ƙaranci, aka koma ga saƙi, mazari da abawa suka sake daraja a hannun masu kaɗi.

A ganina, dalilin da ya sa tarihi ya yi shiru a kansu shi ne, safar Baturiya ana lissafa ta a matsayin kyauta, buhun gyaɗa kuwa ciniki ne, kuma da sunan maigida ake auna shi. Ga shi kuma ciniki ne da gwamnati ta ƙayyade farashinsa, alhali haraji na jiran mai gonar.