Wa Ake Yi Wa Haraji, Gona ko Manomi?

A labaranmu mukan ce "an zo karɓar haraji" mu wuce, kamar harajin guda ɗaya ne tun fil azal. Ba haka yake ba.

Lokacin da Baturen Jamus Barth ya ratso ƙasar Hausa a 1851, ya tarar a Kano kowane magidanci na biyan kuɗin ƙasa wuri 2,500. Sunan dai na ƙasa ne, amma mutum ake ƙirgawa. A Zazzau galma ake ƙirgawa, wato hannun da ke noma. Ga kuɗin shuka, ga kuɗin karofi na marina, ga jangali na makiyaya. Da Turawa suka zo sai aka shigo da taki a ƙasar Kano: malami ya taka gona da sawunsa, a yanka haraji gwargwadon faɗinta. Nan lissafi ya sauka daga kan mutum ya koma kan fili, kuma nan rigima take, don gona ba ta tsufa, mai ita ne ke tsufa.

Daura, wadda Turawa suka maido wa Sarki Musa a 1906, ta rayu da harajin En'e shekara da shekaru, daga mai unguwa zuwa dagaci zuwa hakimi zuwa baitulmali. Mutanen Sandamu ba su huta ba sai 1979, da Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna.

To, mu ɗauki tsohon malamin firamare a Sandamu, yana cin fansho, yashi na cin gonar gado. A ce an biya shi don ya bar ta saura, ya dasa darbejiya, ya kyale gawo ya girma. Kuɗin nan ladan aiki ne ko hayar fili? Mai karɓar kuɗin galma zai ce babu galma, babu haraji. Malamin taki zai ce gonar na nan, sawu bai ragu ba. Mu a ganinmu na galma ya fi kusa da adalci, ko da yake rainon dashe a rani ba hutu ba ne.

Mai son saka wannan dattijo a labari, ya nemi littafin M. G. Smith kan Daura na 1978, sannan ya zauna da tsofaffi ya tambaye su takardar haraji.