Rubutun manhaja mai sharhi da salon aiki tsantsa: abin da ke bayan shafukan intanet

A daren 25 ga Fabrairun 2023, mai zaɓen da ya kaɗa ƙuri'a a mazaɓar Dutsen Abba ta ƙaramar hukumar Zariya, ya buɗe shafin IReV a wayarsa don ganin takardar EC8A ta rumfarsa, ya gamu da abin da miliyoyin 'yan Najeriya suka gamu da shi: sakamakon zaɓen shugaban ƙasa bai hau ba. Hukumar INEC ta ɗora laifin kan tangarɗar na'ura, daga baya kuma ta bayyana a rahotonta cewa matsalar ta samo asali ne daga yadda aka tsara manhajar. Jama'a ba su da hanyar tantance wannan bayani, domin ba su ga rubutun manhajar ba, ko da sun gani ma kaɗan ne za su iya karanta shi. Masana kwamfuta sun daɗe suna fama da wannan matsala, kuma akwai hanyoyi biyu da suka yi fice wajen magance ta.

Rubutu mai sharhi

Farfesa Donald Knuth na Jami'ar Stanford da ke Amurka ne ya kawo hanya ta farko, a maƙalarsa mai suna Literate Programming wadda ta fito a mujallar The Computer Journal a 1984. Ra'ayinsa shi ne mai rubuta manhaja ya ɗauki ɗan'adam a matsayin mai karatunsa na farko, na'ura ta biyo baya. Sai ya rubuta bayani cikin harshen mutane, yana saƙa umarnin kwamfuta a tsakiyar bayanin bisa jerin da hankali zai fi ganewa.

Wanda ya yi karatun zaure a birnin Zazzau ya san wannan fasali: matani gajere ne, sharhi ne ke buɗe shi, kuma a shafi ɗaya suke zaune. Tsarin da Knuth ya ƙirƙira, mai suna WEB, yana fitar da abu biyu daga rubutu guda: umarni zalla da na'ura za ta bi, da kuma littafi da mutum zai karanta. Da shi ya rubuta TeX, manhajar da masana lissafi ke tsara rubuce-rubucensu da ita har yau. Sunan WEB bai da alaƙa da shafukan intanet, ya girme su.

A yau wannan tunani ya fi bayyana a kundayen bincike irin su Jupyter, da aka fara a 2014, da R Markdown, da kuma Observable wanda ke aiki kai tsaye a cikin burauza. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Observable shi ne Mike Bostock, tsohon mai tsara jadawalin alƙaluma a jaridar New York Times.

Salon aiki tsantsa

Hanya ta biyu, wadda a Turance ake kira functional programming, ta samo tushe daga binciken masanin lissafi Alonzo Church a shekarun 1930, ta shiga kwamfuta ta harshen Lisp da John McCarthy ya ƙirƙira a 1958, ta kuma bunƙasa da Haskell a 1990. A wannan salo ana gina manhaja da ƙananan ayyuka, kowanne ya karɓi abu ya mayar da amsa, ba tare da ya taɓa komai a waje ba. Duk lokacin da aka ba shi abu iri ɗaya, amsa iri ɗaya zai bayar.

Injin markaɗe ya isa misali. Idan aka zuba wake alhali ragowar tattasan wani na maƙale a ciki, ƙullun zai fito da yajin da mai shi bai sa ba. Yawancin kurakuran manhaja haka suke, ragowar wani aiki ne ke gurɓata na bayansa. Aiki tsantsa inji ne da ba ya riƙe ragowa.

Ƙa'ida ta biyu ita ce ba a goge bayanan da aka riga aka rubuta. In an sami canji, sabon kwafi ake fitarwa, tsohon yana nan. Idan za a tattara sakamakon rumfunan zaɓe 176,846 da ƙasar ke da su, aiki ɗaya zai tace rumfunan wata mazaɓa, na biyu ya ciro ƙuri'un kowace jam'iyya, na uku ya haɗa jimla. Ana iya gwada kowane mataki shi kaɗai, alƙaluman asali kuma suna nan don a sake lissafi.

Yadda suka shiga burauza

Harshen JavaScript, wanda kowace burauza ke ji, Brendan Eich ne ya tsara shi a kamfanin Netscape a 1995, kuma ya aro dabaru daga Scheme, wani reshe na Lisp. Daga baya Evan Czaplicki ya fito da harshen Elm a 2012, kamfanin Facebook ya saki React ga jama'a a 2013, Redux ya biyo baya a 2015. Manufarsu ɗaya ce: abin da mutum ke gani a allo ya zama sakamakon bayanan da ke ƙasa kai tsaye, ta yadda in an san bayanan, an san abin da shafin zai nuna.

Amfani da iyaka

A 2013, wani ɗalibin jami'a a Massachusetts, Thomas Herndon, ya nemi ainihin jadawalin Excel na wani binciken da Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff suka wallafa a 2010, wanda 'yan siyasa suka riƙa kafa hujja da shi wajen tsuke bakin aljihun gwamnati. Ya gano an tsallake ƙasashe biyar a lissafin. Shekara uku kuskuren na ɓoye, har sai da aka buɗe aikin.

Sai dai hanyoyin biyu suna da tsada. Sharhi na cin lokaci, kuma yana iya tsufa ya bar umarnin da yake fassarawa. Salon aiki tsantsa yana da wuyar koyo ga wanda ya saba da wani salon, kuma ba ya hana mugun nufi. Babu mai iya cewa da an yi amfani da su da IReV bai sami matsala ba. Abin da suke bayarwa shi ne sauƙin bin diddigi.

A Najeriya, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar neman takardun hukuma, ƙungiyoyi irin su BudgIT, da aka kafa a shekarar, suna sauƙaƙa alƙaluman kasafin kuɗi. Zariya kuma tana da Jami'ar Ahmadu Bello da cibiyarta ta kwamfuta mai sunan Iya Abubakar, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli. Umarnin kwamfuta da Turanci ake rubuta shi, amma babu abin da ya hana sharhin ya zama da Hausa. Ɗalibin Tudun Wada da ke da kwamfuta da ɗan data zai iya buɗe kundin Jupyter kyauta, ya ɗora kasafin ƙaramar hukumarsa, ya bayyana kowane mataki, ya bar wa mai shakka hanyar sake lissafin da kansa.