Langkit: Inda Darajar Malong Take

Mutanen Maranao Musulmi ne da ke zaune a kewayen tafkin Lanao, a tsibirin Mindanao na ƙasar Filifin. Suturarsu ta gado ita ce malong, zane ne da ake ɗinke bakinsa biyu ya zama kamar buhu marar gindi, maza da mata duk suna ɗaurawa. Akwai ampik mai zanen ɗaki-ɗaki, akwai andon wanda ake ƙulle zarensa a rina kafin a saƙa, sai kuma landap, wanda ake tanada domin biki da taron sarauta.

Hujjar wannan maƙala ita ce, darajar landap ba a faɗin ƙyallen take ba, tana cikin langkit, wato siraran saƙa masu ado da ke haɗa sassan zanen. Mai faɗin da ke tsaye shi ake kira lakban, ƙananan da ke kwance kuwa tobiran. Masaƙiya kan ɗaura masaƙar a ƙugunta, ta riƙa cusa zaren launi da yatsa, layi bayan layi, har siffar okir, wato salon adon gargajiyar Maranao, ta fito, musamman pako rabong mai kama da toho yana murɗewa. Irin wannan murɗiya ce ake sassaƙawa a katakon torogan, gidan sarakunansu. Ke nan wanda ya ɗaura landap ya yafa adon fada ne a jikinsa. Launi ma yana magana: ruwan ɗorawa, wanda suke kira binaning, a da na jinin sarauta ne.

Za a iya cewa ai malong bai mutu ba, tunda ga na inji nan da araha a kasuwa. Gaskiya ne, kuma talaka na da haƙƙin sutura. Amma inji siffa kawai yake kwafa. Lissafin zare da sunayen zane a kan masaƙiya suke, daga uwa ko kaka ta koye su. Yaƙin da aka yi a birninsu na Marawi a 2017, wanda ya shafe wata biyar, ya raba dubban ɗaruruwan mutane da gidajensu, kuma duk inda aka yi gudun hijira irin wannan, koyon sana'a a tsakar gida ne ke fara yankewa.

A shekarar 2005 UNESCO ta karrama Darangen, doguwar waƙar baka ta Maranao. Hannun da ke saƙa langkit shi ma ya cancanci irin wannan kulawa: a sama wa masaƙa zaren alharini, a sayi aikinsu da farashin da ya dace da wahalarsu, a kuma tallafa musu su koyar da 'yan baya.