Tarihin Tiyatar Hanci: Me Ya Sa Karan Hanci Ke Faɗi Bayan An Sake Gyara Shi?

Mai karatu, ɗora yatsu biyu a kan karan hancinka, daidai tsakanin idanuwa. Abu mai taurin da ka ji ƙasusuwa ne guda biyu, sun jingina da juna kamar rufin kwano mai gefe biyu. Ka ɗan sauko ƙasa, za ka ji laushi, guringuntsi ke nan. Riƙe wannan siffar a ranka, don ita za ta nuna maka yadda mutum zai shiga tiyata sau biyu don hancinsa ya sirance, ya fito karan ya ƙara faɗi.

Ba da kwalliya aka fara tiyatar hanci ba. A tsohuwar Indiya, inda ake yanke wa mai laifi hanci, littafin Sushruta ya bayyana yadda ake yanko fatar kumatu a gina sabo. A 1597 Gaspare Tagliacozzi na Italiya ya wallafa tasa dabarar, ta amfani da fatar damtse. Duk wannan maye gurbin abin da aka rasa ne.

Rage hancin da ke lafiya lau kuwa sai a ƙarni na 19. A 1887 John Orlando Roe na Amurka ya yi aikin ta cikin ƙofar hanci, ba tare da ya bar tabo a fuska ba. A 1898 Jacques Joseph na Jamus ya gabatar da nasa aikin a Balin, kuma tsarinsa ne likitoci suka bi shekaru da dama: a sa zarto a yanke tozon hancin, sannan a tsaga ƙasusuwan ta gefe a tura su ciki su haɗe.

To, a nan gizo ke saƙar. Yanke tozon tamkar kware ƙololuwar rufin nan ne, gefe biyun sun rabu, tsakiya ta zama fili. Likitoci na kiran wannan buɗaɗɗen rufi. Idan tsagar gefe ba ta kai ƙarshe ba, ƙashin kan koma mazauninsa. Idan kuma an bar guntun ƙashi a tsakiya, rufin ba zai rufu ba. A tiyata ta biyu abin ya fi wuya, don ƙashin ya riga ya warke da kauri, tabo kuma ya taru a ƙarƙashin fata.

Kar ka ce ai sai a matse shi sosai a huta. Ƙasan ƙasusuwan nan ne mafi ƙuncin hanyar iska, in aka matse fiye da kima numfashi zai gagara. Shi ya sa a 1984 Jack Sheen ya bayyana dabarar cusa siraran guringuntsi a gefen bangon da ya raba hanci biyu, su tokare hanyar. Amma fa in suka yi kauri, su ma faɗi za su ƙara.

Saboda haka a yau likita kan fara gano musabbabin. In rufin ne a buɗe, a sake tsaga ƙashin, wasu da kurfi, wasu da na'ura mai karkarwa wadda ke yanka ƙashi ba ta cika taɓa nama ba. In tabo ne ko guringuntsin da aka sa a baya, a rage. Wani lokaci ma karan ne aka zaftare da yawa har ya kwanta, ido yake ganinsa da faɗi. A nan ɗaga shi ake yi, galibi da guringuntsin haƙarƙari.

Wani abin mamaki, likitoci da yawa yanzu sun koma wa tsohuwar dabara. Tun 1899 Joseph Goodale ya nuna za a iya cire abin da ke ƙarƙashin tozon a sauke rufin gaba ɗayansa ba a buɗe shi ba, Maurice Cottle kuma ya inganta ta a 1954. Sai dai wanda aka riga aka yanke wa tozo, wannan dabara ta wuce shi.

Idan kai ko wani naka na tunanin sake tiyata, ka sani kumburi kaɗai kan sa karan ya yi faɗi na watanni, shi ya sa galibi ake cewa a jira shekara guda. In ka je wurin likita, ka tambaye shi abu biyu: me ya jawo faɗin, kuma yaya numfashina zai kasance bayan an matse?